Hancin Mota

Wata uku fitilar nan mai ruwan ɗorawa
tana kallona ta bayan sitiyari.
Na gaji da idonta,
na yanki baƙin salatif na liƙe mata fuska.
Na ce shi ke nan, mun rabu.

Ashe ba mu rabu ba.
Man da kan kai ni Wamakko ya dawo da ni,
har in biya Gawon Nama in sayi rake,
ya koma ƙarewa tun ban hango gida ba.
A shataletale wani ɗan kabu-kabu
ya toshe hanci da hannun riga, ya leƙo:
"Malam, gawayi kaka toyawa ciki?"

Garejin Buzaye, ƙarfe biyu na rana,
lokacin da sifana kanta ba ta taɓuwa.
Jelani ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi,
ƙafafunsa kaɗai suka rage mini abokan hira.
Ya ce a bari salansa ta huce tukuna,
mai gaggawa shi ka barin fatar hannu ga ƙarfe.
Na sha ruwan leda biyu.
Sannan ya zare soket a hankali don kada waya ta murɗe,
ya kira yaronsa Nahantsi: "Miƙo ashirin da biyu."

Abin da ya fito bai wuce babban yatsana ba,
da wutsiyar waya huɗu,
kansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunyar mai ƙosai.

"Wanga shi na hancin mota," in ji Jelani.
"Sensa. Nan yaka kwana cikin wuta,
yana shinshinar duk abin da inji ya amayar,
ya aika sama: iska ta yi yawa, ƙara mai,
mai ya yi yawa, rage.
In ya toshe, kwamfuta ta makance,
sai ta dinga zuba mai kamar mai rabon gadon da ba nata ba."

Na ce a wanke shi mana.
Ya yi dariya har haƙorin makkansa ya fito.
"Mura ta wuce wanki, Malam.
Fuloginka sun mutu tun bara,
baƙin mai na zurarowa yana ƙonewa,
ga man galan na bakin titi da kaka ɗura mata.
In ban gyara waɗanga ba,
sabon ma wata biyu za shi yi."

Akwai na biyu, can bayan tukunyar da suke kira indomi,
shi aikinsa shaida:
ko hayaƙin ya tsarkaka kafin ya shiga ƙirjin mutane.
Jelani ya ce wasu kan fasa tukunyar su sayar,
su datse wayar, su kashe fitilar,
mai mota ya tafi yana godiya.

Na biya. Aljihu ya ji a jikinsa.
Nahantsi ya sa farce ya ɓamɓare salatif ɗina,
bai ce komai ba, ya manna shi a jikin bencin.
Na tayar. Fitilar ta kawo, ta dube ni, ta ɗauke.

A hanyar Arkilla na sauke gilashi.
Na tuna da Hali, akawun makarantarmu na dā,
wanda ya yi ta rubuta cewa lissafin bai cika ba,
har muka nema masa canji zuwa Isa
don mu sami barci.
Ni na buga takardar.

Da na isa gida na bar injin yana aiki,
na zagaya baya, na tsuguna,
na tara tafin hannuna a bakin salansa.
Ɗumi kawai, da ɗigon ruwa biyu.
Na daɗe a nan,
har Asabe ta leƙo ta tambayi me na yar.