Tambaya ta Arba'in da Bakwai

Saura kwana goma sha ɗaya.
Da alli na rubuta a bangon ɗakin haya,
kowace asuba in goge, in rage ɗaya.
Mu huɗu ne a ɗakin nan na unguwar Jaro,
fanka guda, ita ma sai ta ga dama.
Perlita ta manne sunayen magunguna a ƙofar banɗaki
don ko can kada a zauna a banza.
Ni ƙasusuwan hannu nake bita a cikin motar haya,
ina lanƙwasa yatsu, leɓe na motsi,
har direba ya zaci canjina nake lissafi.

Tiya Saling mai gidan ta ba mu aron damtsenta.
Ya sha ɗauri, ya sha matsa.
Hawan jininta na haddace shi
fiye da ranar haihuwata.

Baba ya sayar da baunar noma
ya biya kuɗin darasin bita.
Bai faɗa mini ba. Dodong ne ya yi suɓutar baki a waya:
"Manang Remy, igiya kaɗai ta rage a gindin mangwaro."
Tun ranar, duk shafin da na tsallake
sai in ji kamar kofato na bin bayana.

Wata da ta ci jarrabawar bara ta fere mini fensir biyu,
wai sa'a tana bin hannu.
Na naɗe su a hankici. Ban ce na yarda ba,
ban kuma bar kowa ya taɓa ba.

Daren jiya ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya,
aka ɗauke wuta, muka raba kyandir biyu.
Takardar gwaji, tambaya ɗari, minti ɗaya kowace.
Ina gudu lafiya, sai na zo ta arba'in da bakwai:

Mace, shekara talatin da huɗu, haihuwa ta biyar.
Awa guda da sauka, jini ya ƙi tsayawa,
mahaifa ta saki, ta yi laushi.
Me nas za ta fara yi?

Shekarata tara.
Kwale-kwale mai inji daga Guimaras, tsakar dare,
fitilun Iloilo ga su can kamar a miƙa hannu,
teku kuwa ta ƙi ƙarewa.
Ungozoma na jan carbinta, jariri na tsala kuka a tsumma,
Baba na kiran Felisa, Felisa,
da wata murya da ban sake ji a bakinsa ba.
Zanen gado ya jiƙe, ya yi nauyi.
Hannuna yana kan cikinta,
daidai wurin, ƙasan cibiya.
Shafawa nake yi, a hankali,
don kada in ji mata ciwo.

Amsa huɗu suka jera mini.
A kira likita. A ɗaga ƙafafu. A auna bugun jini.
A murza mara da ƙarfi har mahaifa ta ɗaure.

Ta huɗun ce.
Shekara goma sha uku ke nan, sai yanzu aka tambaye ni.

Na cike da'irar da baƙin fensir,
na cike, na ƙara cikewa har takarda ta huje.
Perlita ta ɗago kai: "Lokaci fa, Remedios."
Na share hanci da bayan hannu,
na wuce ta arba'in da takwas,
wani tsoho ne da ciwon sukari, ƙafa ta ƙi warkewa.

Da asuba ruwa ya tsagaita.
Jirgin farko ya yi kuka daga bakin gaɓa.
Na jiƙa yatsa da yawu, na goge bango,
na rubuta goma.
Tiya Saling ta ƙwanƙwasa ƙofa,
ta riga ta naɗe hannun riga.