Kwanon Laraba

Wata bakwai ban ce wa Barnaba sannu ba.
Jaka sittin na sefa ya karɓa a hannuna
zai dasa albasa a fadamar Binuwai.
Kogi ya cika ba sallama, ya shanye gonar,
ya shanye kuɗin,
ya haɗa da gaisuwarmu.

Mu da muka tashi layi ɗaya a Garwa,
muka koyi iyo a gindin gada,
shi ya riƙe mini zobe ranar aurena
hannunsa na rawa kamar shi ne angon.
Yau in na hango shi a kasuwa
sai in tsaya taya tumatirin da ba zan saya ba.
A majami'a ni dama, shi hagu,
waƙa ɗaya muke rerawa
amma aminina ya zama wanda ko "Amin" ba ma haɗawa.

Asnat ba ta yi mini wa'azi ba.
Maganarta kamar gishirin miya ce, da awo take zubawa.
Sai dai na lura da kwanon nan mai lanƙwasasshen murfi:
kowace Laraba ya ɓace daga madafa,
Alhamis ya dawo a wanke tas,
wani sa'in da lemun tsami uku a ciki.

Na ce, ina kwanon nan yake zuwa?
Ta ce, inda ƙafarka ta saba zuwa.
Ba ta ɗago daga tsinkar tafasa ba.
"Matarsa ta sauka, nono bai kawo ba.
Kai ke binsa bashi, Irmiya.
Ni jaririyar ba ta ci mini ko dala ba."

Na kwana na ba ta baya.
Zafin Afrilu, an ɗauke wuta, fanka ta yi shiru,
can tsakar dare na ji ta ƙasa-ƙasa
tana kai sunana gaban Ubangiji,
tana kai nasa,
cikin numfashi ɗaya,
sai ka ce ba ta san akwai jaka sittin a tsakani ba.

Lahadin Jibin Ubangiji
ƙafar dattijo Sila ta kumbura, bai zo ba.
Fasto ya ɗora mini tiren gurasa a hannu,
ya ce, kai ɗauki hagu.

Hagu!

Benci na fari, na biyu, tsofaffin zumuntar mata,
na uku, wani yaro na barci a cinyar uwarsa.
Na huɗu, ga shi.
Kai a ƙasa, rigar ranar aurena ce a jikinsa,
wuyanta ya koɗe.
Bai miƙo hannu ba.

Ni mai walda ne, na san nauyin ƙofar ƙarfe,
ban taɓa ɗaukar abin da ya kai tiren nan ba.
Na dubi gutsattsarin gurasar.
Ba nawa ba ne da zan hana.
Ni ma da nake ci shekara ashirin
yaushe na biya?

Na ce, ɗauka.
Muryar ta maƙale, na sake:
ɗauka mana, Barnaba, hannuna ya gaji.

Ya ɗauka. Bai dube ni ba, ni ma haka.
A bakin ƙofa ya ce, yaya aiki?
Na ce, da godiya. Yaya mai jego?
Iyakarta ke nan ranar.

Kuɗin dai har yau suna can inda kogi ya kai su.
Ba zan yi ƙarya ba, wani daren ina ƙirga su,
in yafe da safe, in sake ƙirgawa da yamma.
Fasto ya ce haka ake yi, kamar sharar tsakar gida.

Larabar da ta wuce ni na ɗauki kwanon.
A ramin nan na gaban asibiti babur ya yi tsalle,
rabin miyar ta ƙare a wandona.
Barnaba ya yi dariya har ya dafa bango.
Da na dawo Asnat ta dubi wandon, ta dube ni,
ta ce, gobe ka daidaita murfin nan,
ai kai ne maƙerin gidan.