Yawun Asuba

Da asuba ake karɓar yawun,
kafin asawaki, kafin kunu.
Malama ta ce a lokacin kotisol ke tashi a jini,
ya riga ladan farkawa.
Ni ce mai raba 'yan kwalabe a Dundaye,
mai manna wa kowace lamba.
Goma sha bakwai: Nafi'u.

Bayan yawu sai kalma.
In ce "murna," yaro ya ba ni rana guda,
rana mai suna, mai inuwa, mai wanda ke tsaye a gefe.
Balki ta ba ni Talatar da akuya ta cinye mata jarrabawa,
har da kalar igiyar akuyar.
Nafi'u ya dubi silifas ɗinsa.
"Muna zuwa gulbi."
Yaushe?
"Kullum."
Wace rana a cikin kullum?
"Duk ɗai suke, Anti."

Shekara goma sha biyar,
an kirɓa su wuri guda kamar fura.
Nemi ƙwayar gero ɗaya a ciki, in ka iya.

Babu "albasa" a jerin kalmomina.
Wani ne ya wuce da buhu a bayan babur,
warin ya shigo ta taga,
sai yaron ya fara magana, idonsa a bango:
kwalekwalen ya sha kaya,
buhu tara, keke ɗaya, tunkiya mai baƙin kunne.
Rima ta cika har ta manta bakinta.
Lawali na dariya, da rake a hannu.
Sai sanyi.
Sai maɓallin rigar Lawali, shuɗi, mai huda huɗu,
a cikin tafinsa.
Wa ya fid da kai?
Bai sani ba.
Wa ya kai ka gida?
Ya san dai maɓallin huda huɗu ne.

A ɗakin gwaji na asibitin koyarwa
injin ba ya jin warin albasa.
Lamba yake tofarwa.
Layin Balki ya hau da safe, ya gangaro da yamma
kamar mai zuwa gona.
Na Nafi'u a kwance,
maigadin da ya yi ta ihun ɓarawo
har muryarsa ta dushe,
yanzu yana zaune bakin ƙofa, bai barci, bai tashi.
Malama ta ce kada in gina gida kan yaro ɗaya,
kwalba ɗari biyu ke jira a firji.
Na ce to.

Amma a Keke Napep, wajen Gawon Nama,
na gwada kaina da kalmar "Baba."
Na samu kofin shayinsa, da tsagar da ke bakin kofin,
da ƙudan da ya faɗa ciki ranar da aka kira mu.
Abin da ya ce mini na ƙarshe fa?
Jiki ya zaɓi ƙuda.
Ban san wa ya ba shi izinin zaɓe ba.

Mako shida, na koma kwasar ragowar kwalabe.
Ina ɗaure jaka sai ga shi, yana haki.
"Anti, wata Alhamis.
Lawali ya ɗora ni a wuya in tsinko mangwaron Alu Maikanti,
reshe ya karye, muka faɗa kan danga,
wandonsa ya yage nan,
ya tafi gida da baya da baya."
Ya yi dariya, ta tsaya masa a wuya, ya ƙarasa ta.

Takardun tambaya sun ƙare,
an rufe lissafi tun jiya.
Na ciro biro na rubuta a tafin hannuna:
Alhamis. Mangwaro. Danga.
Zafin Sakkwato bai bar rubutu a fata,
don haka na taho da hannun a buɗe
har gida.