Ruwan Alwala

Bazara ta shigo Maraɗi ba sallama.
Gulbi ya kwanta, rairayi zalla,
yara na buga ƙwallo inda bara muka tsallaka da takalma a hannu.
Ni kuwa a Bagalam, bayan ɗakin girki,
ina da garka, taku bakwai a tsaye, huɗu a kwance,
na kewaye ta da karan gero da tsohuwar ragar gado.

Salati tuni ya yi bankwana.
Shu ya buɗe baki kamar mai shirin magana, ya fasa.
Tumatirin da na ɗauko irinsa a Jiratawa
yakan yi fure da asuba,
kafin azahar furen ya zube,
rawaya-rawaya a ƙasa, kamar canjin da ba ya sayen komai.

Sai ga takardar kuɗin ruwa.
Hasiya ta ajiye mini ita bisa tabarma,
ta danne da murfin tukunya, ba ta ce uffan ba.
Jika goma sha ɗaya.
Sai da dare, tana tsince shinkafa, ta ce:
“Da wannan, da mun ci miya har layya.”
Gaskiya ce,
gaskiya kuwa ƴar uwar gauta ce a baki.

Na rataye arozuwar a ƙusa.
Kwana biyu ban leƙa ba.

Ran na uku, da la’asar, na tsuguna bakin kwata da buta,
na wanke hannu, na kurkure baki,
ina kallon ruwa yana bin rariya
zai fita titi, inda ba mai jiransa sai agwagin Kuluwa.
Na waiga.
Kuɓewa ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da bashi.

Na ɗauki bulona na kai gindinta.
Fuska sau uku, ta sha.
Hannu zuwa gwiwar hannu, yakuwa ta sha.
Abin da ya gangaro daga ƙafafuna
alayyafo ya raba da tururuwa.

Buta guda ce, amma sau biyar take zuwa a yini,
kuma ba a taɓa yanke ta don rashin biya ba.

Nomau mai faci ya leƙo ta katanga, ya yi dariya
har hularsa ta faɗo cikin barkono.
“Arzika, ibada kake ko noma?”
Na ce, shigo ka ɗauki hularka.
Washegari ya shigo da butarsa.
Jibi ya jawo tela da ɗan tela.
Yanzu kafin magariba layi muke yi,
kowa da gindin da yake tsugunawa,
Nomau har cewa yake kar a taɓa masa kuɓewarsa.

Tumatir dai bai dawo ba,
na tuge shi na ba akuya, ban yi masa kuka ba.
Ƙadangare ya cinye rabin alayyafo.
Guiwata tana ƙara in na miƙe.

Amma jiya na tsinki kuɓewa shida,
ƙanana, masu gashi, suna ƙaiƙayi a tafin hannu.
Hasiya ta juya su, ta ce ko miyar mutum ɗaya ba su kai ba.
Ta yanka su duk da haka.

Da tsakar dare zafi ya hana ni barci.
Gabas na walƙiya can wajen Gazawa, ba ko tsawa,
hadari na gwada murya, bai shirya ba.
Sai na ji motsi bayan ɗakin girki.
Hasiya ce, da ƙwaryar ruwan wankin shinkafa,
tana zuba wa yakuwa kaɗan-kaɗan,
tana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

Na ja zane na rufe fuska.
Gobe ba zan ce na gani ba.