Albasar Wurno

Shekara tara Ka-fi-ƙaya yana gadin rumfata
a Wurno, gefen fadama,
inda albasa ke kwance kan gadon kara
tana jiran farashi ya farka.
Ɓarawo ya san muryarsa, akuya ta san haƙorinsa.
Ladansa kuwa ƙanzon tukunya da ragowar miya,
miyar da Kulu ke yanka wa albasa ba awo,
don matar mai gona ba ta ƙirga ƙwaya.

Bana kaka ta yi kyau har ta yi yawa.
Buhu ya faɗi, dillalai suka ɗauke kai.
Muka ci ta a dafe, muka ci ta a soye,
shi ma ya ci, safe da dare,
a lotsattsen kwanonsa na bakin zaure.

Ran Laraba bai tare ni a ƙofa ba.
Na same shi gindin darbejiya, numfashi sama-sama,
fitsarinsa ja kamar ruwan soɓorodo.
Na ce sammu ne.
Kulu ta ce zafin bazara ne, wa ya bari?
Na ɗauke shi da hannuna biyu,
ban tuna da wanki bakwai ba sai can kan hanya,
muna bayan a-kori-kura, ni da shi da buhu ashirin,
har Sakkwato.

Likita Sanda ya ɗaga leɓensa da yatsa.
Dasashi fari fat, kamar an goga alli.
"Mi kaka ba shi?"
"Abin da nika ci, wallahi, ban rage mai komi ba."
Ya daɗe yana dubana.
"Cikinka daban, nashi daban, Baba.
Albasa tana cin jinin kare
yadda gara ke cin azara,
ba a ji, sai ɗaki ya zauna."

Kunya ta sa na kawo zancen mussar Kulu,
Ladingo, mai cin tuwo da madara kamar 'yar gida,
wadda kwanan nan take karo da turmi da magariba.
Ya ce, "Mussa ɗiyar nama ce.
Tuwo na cika mata ciki, ba ya riƙe mata ido."

Sati uku kafin haushi ya dawo rumfa,
a dishe, kamar na aro.
Yanzu duk safiya ina zuwa Lugu wajen masunta,
ina cinikin ƙananan kifi da kuɗin albasa.
Kulu na dafa nasu a wata tukunya, ba gishiri, ba yaji.
Ladingo dai har yau tana laluben bango.

Da dare in na zauna da kwanona
yakan zo ya tsuguna nesa kaɗan,
idonsa na bin loma daga miya zuwa bakina.
Hannuna ya saba jifa.
Sai in riƙe shi da ɗayan.