Sahun Bulo

Ni Labbo magini, ɗan Rijiyar Ɗorowa,
shekara talatin cokalin gini na hannuna.
Ban san lissafin kasafin kuɗi ba,
bulo nake ƙirgawa, sahu bisa sahu,
shi ma ya isa a san mutum.

Ranar da na fara yi masa aiki
katangarsa iyakar ƙirjina ta tsaya.
Malamin makaranta ne, babur ɗaya, shi ma sai an tura.
Ta saman gini matarsa ke miƙo mana fura,
awakin maƙwabta na haurowa su ci dusa.
Kuɗin siminti sai da wata ya mutu,
amma ya biya, har da goro.

Da ya ci zaɓen fari aka aiko:
Labbo, ƙara sahu uku.
Da ya ci na biyu: ƙara biyar,
a dasa fasassun kwalabe a kai.
Da ya kai can ƙoli, inda jiniya ke share hanya,
ni aka kira da dare, ni da ɗana Arzika,
muka gina ɗaki a ƙarƙashin ƙasa,
ba taga, ƙofar ƙarfe mai kaurin taki.
Aka ce na ajiye littattafai ne.
Na ce to. Mai neman tuwon dare
ba ya tambayar me littafi ke yi da kwaɗo uku.

Bara ya sauka.
Na ji shi a rediyo ina cikin kwaɓa:
ba shi da komai sai shanu ashirin
da 'yar gonar albasa a bakin Rima.
Arzika ya dube ni, na dubi yashi.

Yanzu wasiƙa yake rubuta wa magajinsa,
doguwa, jaridu na bugawa:
a ji tsoron Allah, talaka na shan wuya,
buhun gero ya fi ƙarfin mai iyali.
Gaskiya ce kuwa.
Sai dai shekara takwas geron na hawa
yana zaune kan kujerar, bai ji ba,
ko kuwa ƙarar jiniya ce ta hana.

Ran Laraba ya aiko a kira ni.
Na wuce motoci tara lulluɓe da tamfol,
tayoyinsu sun sace, ƙadangaru sun tare.
Na same shi a gindin mangwaro,
wayoyi uku a kan tabarma,
tun hantsi har azahar ko ɗaya ba ta yi kuka ba.
Ya tambayi Nomau mai shayi. Ya rasu.
Ya tambayi Buda direba. Yana wajen sabon.

Ya ce, Labbo, huda mini taga a katangar nan,
ƙarama, daidai fuskar mutum zaune,
in riƙa ganin masu wucewa.

Guduma ta sha wuya, don ni na yi ginin,
ban taɓa ha'inci a siminti ba.
La'asar ta yi, haske ya faɗo ciki.
Ya jawo kujera, ya gyara hula.
Masu kabu-kabu suka wuce,
raƙumi ya wuce da kayan kara,
mata suka wuce za su gidan suna.
Ba wanda ya waiwayo.

Sai wani yaro mai tallar rake
ya yi ɗage, ya leƙo:
Baba, kai am mai gadin gidan ga?
Ya yi dariya har da tari,
sannan ya yi shiru mai tsawo.
Ya ce, I, yaro, ni ne.

Na tattara guduma da igiyar awo.
Kuɗin aikin, an ce in dawo Litinin.
Litinin uku ke nan.