Amsar Mai Yankan Makulli

Ta tsaya bakin shagona da la'asar,
Akwati mai taya a bayanta,
Waya a hannu, taswira na ƙyalli.
Ta ce, "Baba, mutum zai iya yawo da dare?
An ce mini Mouraria ta gyaru,
Amma na fi son ji daga ɗan unguwa."

Na kashe inji, na kakkaɓe garin ƙarfe
Daga gashin hannuna, na dube ta.
Ni Albano, shekara arba'in da bakwai
Ina fiƙe haƙoran makullan Lisbon.
Kafin bangayen nan su sha fenti
Wannan tambaya ba ta bakin kowa.

Me zan ce miki, 'yar nan?
Mai ɗaki shi ya san inda ke yoyo.
A da fitilar lungun nan a mace take,
Yaran Fausto na sayar da ƙwaya
A ƙarƙashin matakalar coci,
An taɓa yanke wa baƙo aljihu
Tun bai rufe baki daga gaisuwa ba.
Gaskiya ce, ba zan yi mata kwalliya ba.
Amma ran da santsi ya kwashe ni,
Ƙafa ta karye, ruwa na zuba,
Tagogi tara suka buɗe a tare,
Ɗaya daga yaran nan ya goya ni
Har asibiti, ba tsayawa.

Dona Graciete ta hawa na uku,
Idonta ya fi na ɗan sanda kaifi.
Tana shanya tana lissafin titi:
Wa ya kwana da yunwa, wa bai fito ba,
Wane miji ya dawo a buge.
An ce kowa ya kwana lafiya shi ya so.
To, ita ta so, takarda ta zo da hatimi,
Haya ta ninka har sau uku.
Tana ƙetaren kogi wurin jikarta.
Igiyar shanyarta na nan a taga,
Ba mai taɓa ta sai iska mai wucewa.

Yanzu kowace ƙofa da ɗan akwatinta
Mai lamba huɗu, maƙale kamar kaska.
Ni nake kafa su, kar in yi miki ƙarya,
Da su nake biyan kuɗin wuta.
Gidan burodin Zulmira ya zama wurin shan gahawa,
Kofi ɗaya, kuɗin kifinmu na kwana biyu.
Rahim ɗan Bangladash mai kantin kusurwa,
Da ke ba ni bashin madara ba rubutu,
Shi ma kwanakinsa yake ƙirgawa.

Da dare fitilu tar kamar rana,
Kyamara na ƙifta jan ido,
Motar 'yan sanda na zagayowa sau biyu.
Ba mai taɓa jakarki, na rantse.
Sai dai in numfashi ya sarƙe miki da asuba
Kika doki bango da tafin hannu,
Na ɗakin can jiya ya iso,
Jibi zai tafi, bai san sunanki ba,
Zai zaci famfo ne yake bugawa.

Duk wannan a zuci na faɗa.
A baki na ce, "Lafiya lau, ki hau,
Hagu, sai dama, koriyar ƙofa."
Na san ƙofar. Ni na yanka makullinta
Ranar da Graciete ta tare.
Ta yi godiya, ta ja akwati,
Tayoyi na ƙara a kan duwatsu,
Ƙwararraf, ƙwararraf, har kan tudu.
Na kunna inji, na ɗauko na gaba:
Na maƙwabcina Ilídio ne, guda uku.
Ɗaya ya ɓace, mai gida ya ce a cika,
Litinin ce ranar miƙawa.